Ruwan da Inna Saude Ta Ƙi Sha

Kwana biyu da yi wa Inna Saude aiki, ranar Juma'a da la'asar, ta kira ɗanta da sunansa.

Ɗan nata, wanda kowa ke kira Dogo, yana tsugune a bakin ƙofar ɗakin mata na asibiti, inda ya saba tsayawa ya gaishe ta daga nesa, sai ya ji muryarta ta ratsa ɗakin.

"Lukumanu! Lukumanu, zo ka kore su!"

Rahila, nas ɗin da ke kula da ɗakin, tana cikin raba magani. Ta juyo tana dariya. "To, ka ji. Ta gane ka sarai. Kai da ka dame ni da tambaya tun safe."

Dogo bai yi dariya ba. Sanyi ne ya taso masa daga tafin ƙafa, duk da zafin bazarar da ke dafa kwanon rufin asibitin. Shekararsa arba'in da ɗaya a duniya, bai taɓa jin sunan nan a bakin uwarsa ba. Shi ne ɗan fari. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi, kuma har ya girma ya yi gemu, in Inna za ta yi maganarsa sai dai ta ce "wancan". Ba ta kallon idonsa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ko wani yaro ne a unguwa mai suna irin nasa, laƙabi take nema masa. Yau ga shi ta kwarara sunan a gaban mata goma sha biyu, kanta ba ɗankwali, idonta kar a kansa.

"Ba ka gani?" in ji ta. "Fara! Sun sauka a gero. Ga su nan, ga su nan!" Tana tsintar wani abu a kan bargo tana yarwa, ba komai a hannun.

Dariyar Rahila ta ɗauke.

Ranar Laraba abin ya faro, a Bungudu. Inna ta daɗe da ƙaba a cibiya, in ta fito sai ta danna ta koma. Ranar ta ƙi komawa. Ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, malamin ɗakin shan magani ya duba ya ce a kai ta Gusau yau, ba gobe ba. Matar Dogo ta rasu bara. Ƙanwarsa Wasila, autar Inna, tana aure a Tsafe, kuma ba ta daɗe da haihuwa ba. Saboda haka shi kaɗai ya hau bayan motar 'yan kasuwa da tsohuwar, tana kwance a kan buhuna, shi yana can gefe yana kallon hanya.

Kafin a shiga da ita, likita, wani Bature mai jan wuya, ya yi tambayoyi, Rahila tana mayarwa da Hausa. Shekarunta nawa? Tana ji da kyau? Ta fara mantuwa?

"Lahiyarta lau," in ji Dogo.

Ya san ba haka ba ne. Tun damina ta je rijiya ta dawo ba tulu. Ta tsayar da wata maƙwabciya tana tambayar jikin mijinta, mutumin da aka binne shekara uku. Amma ta yaya zai tsaya gaban Bature da baƙuwar mace, uwarsa na kwance tana ji, ya ce kanta ya fara kwancewa? Bakinsa bai iya ba. Aka shaƙa mata maganin barci, aka yi aiki, aka ce an dace.

Yanzu ga abin da dacewar ta zama.

Ana cikin haka Kawu Buba ya iso, ƙanin Inna, da sandarsa da ƙurar hanya a ƙafa. Ya shiga har gaban gadon ya yi sallama. Inna ta dube shi ta ja bargo zuwa wuya.

"Wane ne wanga? Ku hidda shi, ɓarawon awaki ne!"

Kawu ya fito baya da baya. A ƙarƙashin darbejiya, inda masu jinya ke girki, ya kama hannun Dogo.

"Wagga ba Saude ba ce. Sun shaƙa mata abin da ya hidda ranta, sun yanka, sun maido da ran, wani abu ya biyo shi ya shiga. Wannan ba aikin allura ba ne. Jibi Lahadi akwai mota. Zan zo da mutane mu kai ta gida a yi mata turare."

Rahila ta ji, don ta biyo su. "Baba, ka yi haƙuri. Ɗinkin nan ɗanye ne. In ka ɗora ta a mota a kan hanyar nan, ba za ta kai rabi ba."

"Ɗiyata, ke kin san ciki, mu mun san mai cikin. In mutuwa ce, ta mutu a ɗakinta ana yi mata kalmar shahada, ba nan tana zagin dangi ba. Lahadi da hantsi."

Kawu ne babba. Dogo bai da bakin musa masa. Ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, yana jin uwarsa tana faɗa da fara.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata mata 'yar Damba, Talatu, da ƙafa a cikin farin siminti. Mace ce mai baki, ita ke sa ɗakin dariya. Ta yafuto shi.

"Kai Dogo, sunan ne ko tsawon? Matso, ba cizo nike ba. Kullum kana aiko da ƙwaryar ruwa, ana maido maka da ita wayam, kana ta murna ko?"

"Ai tana sha."

"Wa ya ce? Tambayi bishiyar da ke bayan taga, ita ta ƙoshi. In malama ta ba ta, sai ta kurɓa ta riƙe a kumatu, malama na juya baya ta tofa a tsumma, sauran ta watsar ta taga. Tun jiya da sahe da aka ce ta fara sha, ko ɗigo bai wuce maƙogwaronta ba."

Rahila ta ajiye tiren da ke hannunta. "Don me ba ki faɗa mini ba?"

"Ta roƙe ni, tun tana cikin hankalinta. Jiya aka kawo mata fo na fitsari, muna nan mu goma sha biyu, ga mai shara namiji yana wucewa ta ƙofa. Ta ce da ta yi fitsari a kwance kamar jinjiri a gaban mutane, gara ta bushe. Ta ce in ba ta sha ba, ba za ta ji ba." Muryar Talatu ta yi ƙasa. "Na ɗauka wuni ɗaya za ta yi ta gaji."

Rahila ta buɗe bakin tsohuwar da ƙyar. Harshen ya bushe kamar ƙirgi. Ta tsunkuli fatar bayan hannu ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta kawo ruwa a kofin ƙarfe, Inna ta kaɗe shi ya yi ƙara a siminti.

"Guba! Guba za ku ba ni!"

Rahila ta fito ta tsaya a kan Dogo. Yarinya ce a kansa, 'yar kudancin Zariya da ƙaramin gicciye a wuya, amma sai ya ji kamar alƙali ne.

"Malam Dogo, ka gaya mini gaskiya yanzu. Ta fara mantuwa kafin ku zo?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ba ta labarin tulu, da na maƙwabciya.

"Kai!" Ta dafe goshi. "Ka ga, tsoho ko lafiyayye ne, maganin barci da wuƙa suna girgiza masa kai. To balle wanda kan ya riga ya fara rauni. Ka kawo shi inda bai san kowa ba, ga ciwo, ga rashin barci, sannan ka hana jikin ruwa a wannan zafi. Me kake so ya faru? Da ka faɗa, da gadonta na kusa da teburina, da tun ranar na ce a nemo mace daga gida ta zauna da ita."

"Za ta dawo?"

"Ban sani ba. Na ga waɗanda suka dawo. Amma sai ta sha, kuma ba daga hannuna za ta karɓa ba. Wa take sakin jiki da shi?"

"Wasila. Tana Tsahe."

"To ka kawo ta."

Likita ya zo ya sa a ɗaura mata ruwa ta jijiya. Kafin gari ya waye ta fizge allurar sau biyu.

Da sassafe Dogo ya sami motar auduga mai zuwa Funtuwa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ji a cikinsa, yana tunanin ɗinki, yana tunanin Lahadi. Ya sauka a Tsafe rana ta fara zafi, ya yi sallama a gidan mijin Wasila. Tsakar gidan duk ƙamshin ganyen wanka da hayaƙi. Uwar mijin ta tare shi tun bai gama magana ba.

"Kwana tara da haihuwa? Mai jego ta hau mota? Wa zai yi mata wanka a can? Ga zazzaɓi tana fama da shi tun shekaranjiya. Ka duba ta da idonka."

Bai shiga ba, ya tsaya a bakin asabari. Ta tsakanin karan ya hango ƙanwarsa a kan gadon ƙasa, ta rame, jaririya a gefenta. Ta yunƙura za ta tashi, jiri ya mayar da ita. Ya san ba inda za ta je. Ya zauna a ƙasa.

Wasila ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share fuska. "Yaya, ta wane gefe kake yi mata magana?"

"Daga ƙofa."

"Daga ƙofa! Ai ba ta jin ka. Kunnen hagu ya mutu tun shekara biyu. Ta dama za ka zauna, kusa, ka yi a hankali."

Bai sani ba. Gida ɗaya suke kwana da tsohuwar, bai sani ba.

"Kuma ba ta shan ruwa zalla, tana cewa yana tayar mata da zuciya. Sai an jiƙa tsamiya. A ƙoƙo, ba a ƙarfe ba. In ta ce ta ga wani abu, kada ka yi mata musu, musu ke harzuƙa ta. Ni na daɗe ina fama da wannan, ban dai faɗa maka ba."

"Ni zan ba ta? Da hannuna?"

"To wa? Kawu Buba?" Ta kusa dariya cikin hawayen. "Yaya, kunyar nan ka ajiye ta a ƙofar asibiti. In ta warke ku koma ku ɗauki abinku."

Ta sa aka miƙo masa ƙullin tsamiya, da ƙaramin ƙoƙo, da wani zanen saƙi baƙi wanda Inna ta ba ta ranar aure. "Ka rataya mata inda za ta gani. Ta san shi."

Sai bayan azahar ya sami motar komawa. Da ya doshi ɗakin mata bai ji ihu ba. Ya leƙa. An ɗaure hannuwan Inna a jikin gado da bandeji. Tana kwance shiru, ido rabi a buɗe, leɓe ya tsattsage, ƙudaje na sauka ba ta kora.

"Ta tashi za ta tafi gona, ta kusa faɗuwa," in ji Rahila. "Dole muka ɗaure. Tun hantsi ta yi shiru. Shirun nan ya fi ihun ba ni tsoro." Ta duba bayansa. "Ina ƙanwar?"

"Ba ta iya zuwa."

Rahila ta dube shi, ta matsa daga bakin ƙofar.

Ya cire takalmi. Daga ƙofa zuwa gadon bai fi taku goma ba. Mata suka ja mayafi. Rahila ta jawo labule ta kewaye gadon, shi kuma ya rataya zanen saƙin a ƙarfen ƙafa, daidai idon tsohuwar. Ya jiƙa tsamiya a ƙoƙo, ya zagaya dama ya durƙusa. Bai taɓa ganin fuskarta kusa haka ba. Ashe akwai ɗan tabo a ƙarƙashin haɓarta.

"A kwance ta," ya ce.

"In ta fizge fa?"

"Zan riƙe."

Rahila ta kwance bandejin. Ya ɗauki hannun uwarsa. Ba nauyi, zafi rau, kamar tsuntsun da rana ta buga. Ya kai bakinsa kusa da kunnenta.

"Inna. Ni ne."

Idon ya motsa, ya wuce shi, ya tsaya a kan zanen. Ta daɗe tana kallo. Leɓen ya motsa, sai da ya sunkuya ya ji.

"Fara..."

"Na kore su, Inna. Gero ya tsira. Ko zangarniya ɗaya ba su ci ba."

"Duka?"

"Duka. Ga ruwan tsamiya, ki jiƙa maƙoshi."

Ya tallafo kanta ya kai ƙoƙon. Ta shinshina. Ta kurɓa kaɗan, ta riƙe a kumatu. Dogo yana kallon maƙogwaron nan mai tamoji. In ta tofar, shi ke nan, gobe Kawu zai zo da mota, ko ma ba za ta kai goben ba.

"Ba kowa, Inna. An ja labule. Ba mai ganin ki."

Maƙogwaron ya motsa.

"Kaɗan-kaɗan," in ji Rahila a bayansa. "Kada ka yi gaggawa, za ta amayar."

Haka ya wuni. Kurɓa ɗaya, ya jira, kurɓa ɗaya. Sau biyu ta ture ƙoƙon ta ce ya fita, baƙo ne shi, sai ya yi shiru har ta lafa ya sake farawa. Da abin faɗa ya ƙare masa, sai ya shiga gaya mata abin da ya sani. Yau Asabar. Nan Gusau ne, asibiti. An gyara mata cibiya. Wasila ta haifi mace, an sa mata Adama, tana da gashi. Jar akuya ta kusa haihuwa. In ya kai ƙarshe ya komo farko. A ransa yana lissafin cewa maganar da ya yi mata yau ta fi wadda ya yi mata tun yana yaro.

Gab da magariba ta fara mutsu-mutsu tana jan zane. Rahila ta gane. Ta ɗauko fo ta rufe da tsumma, ta yi wa Dogo alama. Ya fita ya tsaya a ƙofar ɗakin ya cika ta da jikinsa, ya ba ɗakin baya. Mai shara ya zo da tsintsiya, Dogo ya ce ya zagaya. Can sai ga Rahila ta fito da abin a hannu, bakinta har kunne.

"Ba ka taɓa ganin mai murna da fitsari ba ko? To yau ka gani."

Talatu ta rangaɗa guɗa daga gadonta, aka ce ta rufa wa mutane baki.

Ranar Lahadi da hantsi Kawu Buba ya zo da maza biyu, suna ɗauke da ƙyauren da za a kwantar da ita a kai. Ya tarar da Dogo zaune a gefen gado da ƙoƙo a hannu. Ya tsaya turus, ya buɗe baki zai yi magana, sai Inna ta farka daga barcin da ta samu tun asuba. Ta dube shi.

"Buba. Mi ya kawo ka? Wa ka bar wa awaki?"

Kawu ya nemi bakin gadon Talatu ya zauna ba tare da ya sani ba. "Suna wurin yara, Yaya."

"To." Ta lumshe ido. Jim kaɗan ta buɗe. "Buba, wa ka bar wa awaki?"

Ya sake ba ta amsa. Kafin ya tashi ta tambaye shi sau uku. Amma da ya fita, ya sallami mutanen da ƙyaurensu.

Sai da ta yi mako uku aka sallame ta. Ba ta tuna fara, ba ta tuna ɗauri, kuma ba wanda ya gaya mata. Rahila ta rako su har bakin titi. Dogo ya ja ta gefe ya tambaye ta ko shi ke nan, an wuce wurin.

"Wasu suna komawa yadda suke cikin wata ɗaya ko biyu," in ji ta. "Wasu ba sa komawa duka. Ka dai kula da shan ruwanta, kada a bar ta ita kaɗai da yawa. In ta yi zazzaɓi ta fara sambatu, kada ka jira."

An yi ruwan farko kwana biyu da suka wuce, ƙasa na ƙamshi. Suka sauka a tashar Bungudu da la'asar. Inna ta ce ba mai ɗaukar ta, da ƙafarta za ta shiga gida. Ta kama sanda ta shige gaba, Dogo na biye da ƙullin kaya a ka. Mutane na yi mata barka tana amsawa, har tana kiran wasu da sunansu.

A bayan masallaci hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi rijiya, ɗaya ta yi gidansu. Shekara hamsin tana bin wurin. Ta kai nan ta tsaya. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta gyara riƙon sanda kamar mai hutawa, amma Dogo ya ga yadda yatsunta suka ƙanƙame itacen.

Ya jira. Ba ta motsa ba.

Sai ya ratsa ta gefenta na dama ya wuce gaba, ya kama hanyar gida a hankali, yana kasa kunne. Ya yi taku biyar kafin ya ji ƙarar sandar tana biyo shi.